Motarka ta san inda ka kwana, waye kuma ya sani?

Duk wanda ya sa tiraka, wato na'urar da ke nuna inda mota take, a motarsa a garin nan na Kano, dan Allah ya tambayi kansa, ban da shi mutum nawa ne za su iya buɗe waya yanzun nan su ga inda motar take? Mafi yawanmu ba mu da amsa kuma ba mu taɓa damuwa mu nema ba. Yadda abin yake tafiya kowa ya sani, ka sayi mota ƴan uwa su yi ta Allah sa alheri Allah ya tsare, wani ya ce maka Alhaji kar ka bari ta kwana ba ka sa mata tiraka ba, ka kai wa mai wayarin ya kwance robar ƙasan sitiyari ya cusa ɗan baƙin akwatin nan can ciki ya naɗe da tef, ya sa sim, ya karɓi wayarka ya sauke maka manhajar, da hannunsa zai rubuta lambar na'urar da faswod, ya nuna maka ɗigon motarka a kan taswira ya ce ga ta nan a titin Gidan Zoo, ya tura wani saƙo inji ya mutu ya sake turawa ya tashi, kai kuma kana ta jinjina kai. Ka biya ka tafi. Faswod ɗin yana kansa, lambar sim ɗin tana wayarsa, wani lokacin ma sim ɗin da NIN ɗin wani aka yi masa rijista ba naka ba, sabida ya ce maka yana da su a ajiye ba sai ka je ka bi layi ba.

Ni a ganina a irin zamanin da muke ciki bayanin inda mutum yake zuwa da lokacin da yake zuwa ya fi motar kanta daraja, kuma shi ne muka saki a hannun mutanen da ba mu san iyakarsu ba. Daidai yake da ka kira kafinta ya sa maka sabon kwaɗo a ƙofar gida, ya ba ka makulli ɗaya ya zuba sauran a aljihu ya tafi, kai kuma ka kwanta kana cewa yau kam gida ya kullu.

Ba zargin masu wayarin nake yi da sata ba, mafi yawansu masu neman halak ɗinsu ne kuma da yawansu su ma ba su san iya abin da na'urar take yi ba. Matsalar tana jikin na'urar tun daga inda aka ƙero ta. A shekarar 2022 wani kamfanin binciken tsaron intanet na Amurka mai suna BitSight ya duba wata tiraka mai araha da ake kira MiCODUS MV720 wadda ake ƙerawa a Shenzhen ta ƙasar Sin, ya gano ramuka guda shida a cikinta, ciki har da cewa faswod ɗin da take zuwa da shi 123456 ne kuma ba ta tilasta wa kowa ya canza, sannan wanda ya san kan abin zai iya ganin inda motar take daga nesa, har ya yanke mata mai tana cikin tafiya. An ce na'urorin wannan kamfani kusan miliyan 1.5 ne suke aiki a ƙasashe 169, kuma sai da hukumar tsaron intanet ta gwamnatin Amurka ta fitar da gargaɗi a kai. Kafin nan a 2019 kamfanin Avast shi ma ya gano wasu tirakoki kusan 600,000 duk da wannan faswod ɗin na 123456. To irin waɗannan masu arahar su ne dai ake cika kwali da su ana kawo mana, kuma duk inda motarka ta taka ba a wayarka ake ajiye bayanin ba, sim ɗin yana tura shi ne zuwa wata kwamfuta a wata ƙasa wadda ba ka san mai ita ba, wayarka leƙawa kawai take yi ta gani.

Yanzu ka zauna ka yi tunanin abin da wata uku na tafiye-tafiyen motarka zai gaya wa wanda ya buɗe. Ƙarfe bakwai ta fita daga Rijiyar Zaki, ta tsaya minti biyar a ƙofar wata makaranta, ka ga an san makarantar yara kenan da lokacin da ake kai su da lokacin da ake ɗauko su. Ta wuce Kantin Kwari ta yini. Duk Litinin ta tsaya a ƙofar banki. Ran Asabar ta ɗau hanyar Gwarzo ta shiga wata gona ta daɗe, ba ta dawowa sai bayan la'asar. Kwana biyu a wannan gida kwana biyu a wancan, an san mata biyu ne da shi an kuma san daren da kowane gida ba namiji. Sau ɗaya a wata ta bi hanyar Kaduna zuwa Abuja da asuba. Wallahi ko direbanka bai riƙe wannan lissafin kamar yadda na'urar ta riƙe ba, tunda ita ba ta mantuwa. Kuma dukkanmu mun san yadda garkuwa da mutane take aiki a Arewa, da ɗan gari akan ci gari, kullum sai an sami wanda ya ba da labarin shige da ficen mutum. A da sai an sayi maigadi ko ɗan aike ko wani na jiki, yanzu lamba shida ta isa.

Nasan za a ce to me kake so, mu bar motocinmu a sace? A'a. Ana satar mota a Kano, a ƙofar masallacin Juma'a, a wajen ɗaurin aure, a bakin asibiti, kuma akwai mutane da yawa da tiraka ce sanadin dawowar motarsu, wasu ma an kama ta kafin ta bar jihar. Wanda ya tara kuɗin shekaru ya sayi adaidaita sahu ya ba wani yana kawo balans yana da haƙƙin ya san inda dukiyarsa take. Ban ce a cire ba. Cewa nake a san wa yake riƙe da bayanin, har tsawon wane lokaci, kuma wa ya isa ya gani.

Wanda yake ganin ai matsalar ta kayan araha ce, idan ka sayi sabuwar mota ta babban kamfani shikenan ka huta, to ya saurari abin da manyan suka yi. A watan Satumba na 2023 gidauniyar Mozilla ta bi takardun sharuɗɗan kamfanonin mota 25 ɗaya bayan ɗaya, irin dogayen rubutun nan da ba mai karantawa sai dai a danna na yarda, kuma ba ko ɗaya da ya tsallake, har suka ce a duk kayan da suka taɓa dubawa ba su ga wanda ya kai mota muni wajen sirrin mutane ba. Kashi 84 cikin 100 na kamfanonin sun rubuta cewa za su iya raba bayananka da wasu, kashi 76 sun ce za su iya sayarwa, fiye da rabi sun ce za su iya miƙa wa hukuma in ta nema ko da ba takardar kotu. Biyu kacal, Renault da Dacia, suka ba kowane direba damar ya ce a goge bayanansa, su ma ɗin don a Turai suke inda doka take da haƙori.

Kuma sun sayar ɗin, ba a takarda abin ya tsaya ba. A watan Maris na 2024 jaridar New York Times ta fallasa yadda General Motors, masu Chevrolet da Cadillac da GMC, suke kwasar yadda mutane suke tuƙi suna ba wasu dillalan bayanai biyu, LexisNexis da Verisk, su kuma su sayar wa kamfanonin inshora. Wani bawan Allah ya ga kuɗin inshorarsa ya tashi da kashi 21 cikin 100 alhali bai taɓa buge kowa ba, da ya nemi fayil ɗinsa sai aka turo masa shafi 258, tafiye-tafiye 640 a wata shida, kowace da lokacin da ta fara da lokacin da ta ƙare, nisan da aka yi, sau nawa aka taka birki da ƙarfi, sau nawa aka fizgi mota. A Janairun 2025 hukumar FTC mai kula da kasuwanci a Amurka ta ce kamfanin yana ɗaukar wurin da wasu motocin suke har duk bayan daƙiƙa uku, ta kuma fito da matakin hana shi ba irin waɗancan dillalan bayanai har shekara biyar. Abin da ya fi ƙona min rai a labarin nan shi ne farashin. Sanatoci biyu na Amurka, Ron Wyden da Ed Markey, sun binciko cewa Honda ta ba da bayanan motoci 97,000 a kan dala 25,920, wato santi 26 kowace mota, Hyundai kuma motoci miliyan 1.7 a kan dala miliyan ɗaya da ɗoriya, kusan santi 61 kowace. Mutum ya biya dubban daloli ya sayi mota, a juya a sayar da sirrinsa a kan kuɗin da bai kai dala ɗaya ba.

Wanda ba a sayar ba kuma zubewa yake. A 2023 Toyota ta amsa da bakinta cewa bayanan wurin motocin mutane miliyan 2.15 a Japan sun zauna a buɗe a intanet kusan shekara goma saboda kuskuren saiti. A Disambar 2024 aka gano na Volkswagen, motocin lantarki kusan 800,000 ta hannun kamfaninsu na manhaja Cariad, kuma a dubban ɗaruruwa daga ciki ana iya ganin inda aka ajiye mota daidai wa daida, har da na ƴan siyasa da motocin ƴan sandan Hamburg. Tesla kuwa kamfanin dillancin labarai na Reuters ne ya ruwaito a 2023 cewa wasu ma'aikatanta suna tura wa junansu bidiyon da kyamarorin motocin mutane suka ɗauka, har da na cikin garejin gidajensu. Idan Toyota da Volkswagen da duk injiniyoyinsu da lauyoyinsu sun kasa tsare wannan kaya, ina ga wani ɗan kamfanin tiraka da ko ofishinsa ba ka sani ba?

Gaskiya ne mu a nan ba wanda zai ƙara maka kuɗin inshora don ka taka birki, mafi yawanmu ta dole ɗin nan muke yi ta naira 15,000 don kar a tsare mu a hanya. Gaskiya ne kuma yawancin motocinmu Beljiyam ne, tsofaffin Corolla da Camry da Accord da Sienna da aka shigo da su ta Legas ko Kwatano, kuma da yawa daga cikin na Amurka layin da suke magana da kamfani ya mutu tun 2022 da aka kashe 3G a can. Amma rashin turawa ba shi ne rashin ajiyewa ba. Na taɓa zama a gaban motar wani abokina da bai daɗe da saye ba, muna ƙoƙarin haɗa wayarsa da Bluetooth, sai ga jerin sunayen wayoyin mutanen da suka riga shi, da muka danna wajen taswira kuma ga adireshin gidan mai ita na farko a wani gari a Amurka, lambar gida da sunan titi, da wasu wuraren da yake yawan zuwa. Motar ta haye teku ta bi ta hannun dillalai ta sha wanki da foli, ba wanda ya goge wannan. Mu ma haka muke yi in za mu sayar, a kai wajen wanki a gyara fenti a cire sitikar makarantar yara, amma lambobin wayar da allon ya kwafa daga wayarka da jerin waɗanda ka kira suna nan. Ga kuma allon Android ɗin nan da yanzu kowa yake cire rediyon asali yana sawa, wanda wasu har imel ɗinsu suke shigarwa a ciki don su kalli YouTube, a sayar da mota da shi a buɗe. Mafi haɗari ita ce tirakar da ba a cire ba. Mutum ya sayi mota a hannu, bai san akwai wani abu a ƙasan sitiyari ba, wanda ya sayar masa ko wanda ya sayar wa wancan har gobe yana ganinta a wayarsa, yana kuma iya kashe ta da saƙo ɗaya. Duk dilan da yake da mutunci ya kamata ya mayar da duba wannan wani ɓangare na ciniki kamar yadda ake duba takardun kwastam, mai saye kuma ya kai wa nasa mai wayarin ya lalube ta tas kafin ya kai ta gida.

Akwai ɓangaren da ba a son taɓawa, na cikin gida. Magidanci ya saya wa matarsa mota ya sa mata tiraka bai gaya mata ba, ya zauna a kasuwa yana kallon ɗigo, ta dawo ya ce me kika tsaya yi a Tarauni minti arba'in. Wannan ba tsaron mota ba ne, leƙen asiri ne, kuma aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana mu bin diddigin juna a ɓoye, ba ta ware miji ko uba ba. In tsaro kake nufi ka gaya mata, Hajiya na sa wa motar nan tiraka saboda ɓarayi, ga manhajar ke ma ki sa a wayarki, ki ga tawa in ga taki. Shikenan magana ta ƙare. Amma wanda ya ɓoye ya san abin da yake nema, kuma na ga yadda irin wannan yake cinye yarda a gida, don ɗigo a taswira ba ya gaya maka cewa layin mai ta tsaya ko ƴar uwarta ta gani a hanya, zargi ne kawai yake ƙara maka. A Amurka ma an sami matan da suka rabu da mazajensu mazan suka ci gaba da bin su ta manhajar motar, kamfani kuma ya ce ba zai cire mijin ba tunda sunansa ne a takarda.

Haka direbobi. Yaron da yake ja maka adaidaita ko direban gida ko na kamfani, ya kamata ya san akwai na'ura a jikin abin da yake tuƙawa, a gaya masa tun ranar da aka ba shi makulli. Kuma maganar kashe inji daga nesa don balans ya makara, haba jama'a, ka san a ina yake lokacin da ka tura saƙon? Wataƙila yana kan gadar Kofar Nassarawa da mata da yara a baya, tirela na biye da shi. Kuɗinka haƙƙinka ne amma akwai hanyar karɓarsa da ba sai an saka rayukan fasinja a ciki ba, ko ba komai ka jira ka ga ya tsaya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne muna da doka. Sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin sirri, sannan a watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai wadda ta kafa hukumar NDPC. A ƙarƙashinta duk kamfanin da yake riƙe bayananka dole ya gaya maka me yake ɗauka da dalili, kana da ikon ka ce a nuna maka, kana da ikon ka janye yardarka ka ce a goge, kuma in bayanan suka zube ta yadda za su iya cutar da mutane dole ya sanar da hukumar cikin awa 72. Hukumar ta nuna tana iya cizo, a 2024 ta ci tarar wani banki naira miliyan 555.8. To ina roƙonta ta waiwayo kan masu sayar da tiraka da masu sakawa, sabida a ganina bayanin inda mutum yake kwana bai gaza lambar asusunsa haɗari ba. Ba sai an fara da kame ba. A fara da abu mai sauƙi, duk mai wannan sana'a ya yi rijista, ya ba kwastoma takarda ko da shafi ɗaya ce kuma da Hausa, wadda ta faɗi sunan kamfanin da yake ajiye bayanan da ƙasar da yake da tsawon lokacin da ake riƙewa, sim ya zama da sunan mai mota, faswod kuma mai mota ya canza shi da hannunsa a gaban mai sakawa kafin ya biya. Masu wayarin na Kano suna da ƙungiyoyi da shugabanni, in aka zauna da su aka yi musu bayani na tabbata za su karɓa, don su ma kariya ce gare su ranar da wani abu ya faru aka fara neman wa ya san faswod.

Sannan sababbin motoci suna shigowa, GAC da Chery da Jetour da Changan da BYD, masu kyamara gaba da baya da manhajar da za ka tayar da mota daga ɗaki, kuma da tsadar mai ɗin nan masu lantarki za su ƙaru ne ba raguwa ba. Manyan ƙasashe sun riga sun gane me wannan yake nufi. Tun 2021 Sin ta taƙaita shigar motocin Tesla wuraren sojojinta, Tesla kuma ta koma ajiye bayanan motocin Sin a cikin Sin. Amurka ita ma a Janairun 2025 ta fitar da dokar hana manhajar Sin da Rasha a motocin da suke haɗe da intanet, daga samfurin 2027. Kowa yana tsoron motar ɗan uwansa sabida kowa ya san abin da tasa take iya yi. Mu kuwa daga Sin ɗin muke saye, daga Japan, daga Amurka, daga Jamus, duk wanda ya kawo. Waɗannan sababbin motocin kuma ba talaka ne yake fara hawansu ba, gwamnoni ne da kwamishinoni da ƴan majalisa da alƙalai da sarakuna da manyan jami'an tsaro, wato daidai mutanen da bai kamata a san shige da ficensu a wata ƙasa ba. Don haka duk ranar da gwamnatin jiha ko ta tarayya za ta sake ba da kwangilar sayo motocin jami'anta, a rubuta a cikin takardar kwangilar cewa mai kawowa ya faɗi ko motar tana da sim a jikinta, me take turawa, wace ƙasa yake zuwa, kuma ta yaya ake kashe shi, in ya kasa amsawa a ba wani.